Yadda Muka Bi Sawun Tunjere Har Ƙasar Ingilishi

Tun da na dawo daga yawon nan da likita ban huta da tambaya ba. In na je rijiya a tare ni, in na je suna a tare ni, har wurin gaisuwar mutuwa Hajo ta matso kusa da kunnena tana cewa, "Tamo, tsakaninki da Allah, gaskiya ne kin ga na liman?" Ban ga na liman ba. Jininsa na gani cikin kwalba, ja ne kamar na kowa. To ku gyara zama in faɗa muku sau ɗaya in huta. Amma ku sani, sunan wanda aka samu da ciwo ba zai fito daga bakina ba, ko rago za ku yanka mini.

Kun san likitan da aka kawo mana Dogon Dutsi, siririn baƙin mutumin nan mai tabarau, ɗan ƙasar Dahome. Kojo sunansa. Mutanen bariki suna ce masa Mushe Kojo, wai haka ake girmama mutum da Faransanci. Ni na ce ba ni kiran mai rai mushe. Likita nake ce masa, shi kuma ya ce mini Mama. Hausarsa tana kai shi inda za shi, amma da ɗingishi. Namiji ya ce masa "ke", mace ya ce mata "kai".

Bayan an gama yankan hatsi ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Mama, ina neman ciwo biyu, tunjere da ciwon sanyi."

Na ce, "Allah shi raba ka da su, Likita. Mutane gudunsu suke, kai kana nema?"

Sai da ya yi gumi kafin na gane. Manyansa na Yamai sun samu wata sabuwar allura, fenisilin, mai kashe ciwon nan biyu. Sun ba shi kaɗan, sun ce ba su ƙaro ba sai ya gaya musu yawan masu ciwon a Arewa da hanyar da yake bi daga gari zuwa gari. Masu zuwa gidan likita ba su isa a auna da su ba, don su ne waɗanda abin ya riga ya kayar. Sauran suna gida, wasu ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Don haka zai bi ƙauyuka ya ɗebi jini, ya yi tambaya. Maza shi zai ji da su. Mata kuwa ba mai buɗe masa baki, shi ya sa yake son ungozoma.

Na ce, "In don wannan ne, mi ya kai ka ɗibar jini? Rabin garin nan a hannuna suka faɗo. Ka jera mini mutane in dubi fuska in nuna maka masu shi."

Ya gyara tabarau ya ce, "Za mu gani, Mama."

Muka tashi cikin kamiyon gidan likita, babbar motar nan ta kaya. Direba shi ne Kafaran Nomau, tsohon sojan nan mai gashin baki, wanda ya je yaƙin Nasara ya dawo da zagi kala-kala da Faransanci, yana kashe su kan mota. Ni ranar na fara shiga mota. Kafin mu bar bayan gari furar da na sha ta dawo, rabi kan zanena, rabi kan takalmin Likita. Ya goge da takarda. Kafin Kiyeshe muka kafe cikin rairayi. Likita ya sauka yana turi, wasu Fulani masu kiwo suka zo suka taya shi, ni ina zaune ciki ina yi musu addu'a. Nomau ya leƙo ya ce, "Inna, addu'arki ta fi nauyi ko ke? Sauko." Na sauka, motar ta fita. Ban yi masa magana ba har la'asar.

Zangonmu na farko wani ƙauye ne gaba da Kiyeshe. Kumandan ya riga ya aika gardi ya ce likita na zuwa, a tara mutane. Kun san abin da ƙauye ke yi in gardi ya ce a tara mutane. Samari suka ɗauka ɗibar soja ce, suka shige daji. Magidanta suka ɗauka ƙidayar lanho ce, wato haraji, suka ɓoye rabin iyalansu cikin rumbuna. Muka tarar da mai gari zaune gindin tsamiya, ya jera mana nasa zaɓin: tsofaffi marasa haƙora, makaho ɗaya, wani mai taɓin hankali da ke hira da sandarsa, sai iyalan wani mutum da suke rigimar gona da shi, su kam an kawo su kaf har da jinjiri.

Ya ce, "An ce a kawo mutane. Ga mutane."

Nomau ya raɗa mini cewa su ne dai waɗanda yake turawa tun zamanin aikin dole.

Likita ya dube ni ya ce, "Mama, in za ka sayi hatsi, na bakin buhu kake dubawa?"

Na ce, "Wa zai yarda da na bakin buhu? Hannu nake nutsawa har gwiwa."

Ya ce, "To gaya wa mai gari haka nake so."

Na gaya masa, na ƙara da nawa, na ce shi ko na bakin buhu bai ba mu ba, ƙaiƙayi ya share ya kawo. Mai gari ya yi dariya ya ce ƙaiƙayin ke nan gare shi bana.

Tunda an tara su, Likita ya ce a duba su don a yi musu magani, amma ba su shiga lissafinsa ba. A nan ya ce in gwada idona. Na zagaya ina kallon fuskoki. Na nuna wani mai kwalli da zobe a kowane yatsa. Na nuna Nomau ma, don har yanzu ina jin haushinsa, kuma kowa ya san halin soja. Wata tsohuwa mai carbi, shiru-shiru, na ce wagga kada ma a ɓata mata fata. Likita ya ɗebi jinin kowa, ya wuni da kwalabensa da madubinsa. Washegari ya kira ni gefe. Mai kwalli lafiya lau. Nomau lafiya lau, kuma har muka dawo bai bar ni na manta ba. Tsohuwa mai carbi ita ke da shi. Miji ɗaya ta taɓa yi a duniya, ya mutu tuntuni. Da na zauna da ita ta lissafa mini 'ya'yan da ta haifa ba rai, ta ce ai doguwar gidansu ce ke cinye su. Daga ranar ban sake cewa in dubi fuska ba.

Masaukinmu kampama ce, ɗakin baƙin gwamnati, wadda jemagu suka riga mu kamawa. Mai gari ya aiko da zakara, ina jin tare suka yi ƙuruciya. Muka dafa shi tun azahar, ya ƙi. Likita ya jiƙa garin rogo ya buɗe gwangwanin kifi ya zuba barkono kamar mai fushi da cikinsa, ya miƙo mini. Na ce kifin da aka rufe cikin ƙarfe tun ban san yaushe ba, ni ban ci. Kwana biyu bayan nan ni ke lashe man.

A hanyar Tibiri Likita ya fito da sabuwar dabara. Ba gardi, ba zaɓin mai gari. A ƙauye na gaba ya ce kowane mai gida ya kawo sakaina, ya yi mata alamarsa, a zuba cikin ƙwarya a rufe da zane, a girgiza, a zaro. Gidan da sakainarsa ta fito, kowa da ke cikinsa za a duba shi, mai lafiya da mara lafiya. Ya ce ta haka ba son rai, ba ƙiyayya, hannu ya nutsa cikin buhu ke nan.

Shi ya san ƙuri'a yake yi. Mutanen gari kuwa sun ga baƙo mai ido huɗu yana girgiza ƙwarya rufe da zane, kuma sun ji ciwon da yake nema. Kowa ya ce duba ne, ƙwarya za ta tona gidajen masu bin dare. Sakaina ta farko da ta fito ta liman ce. Sai wani daga baya ya ce, "Ashe!" Ta biyu ta wani maƙeri ce. Bai jira komai ba, ya juya gida yana ihu yana kiran matarsa ta fito ta faɗi ko wane ne, yau sai ta bar masa gida. Matar ta fito da muciya a hannu ta ce shi dai ƙwarya ta gani. Na shiga tsakani na sha muciya a kafaɗa, har yanzu in hadari ya taso ina jinta.

Likita ya hau bayan kamiyo ya yi ta bayani, Hausa ta gudu ta bar shi. Da ya ga ba a ji, sai ya sauko ya naɗe hannun riga, ya ba Nomau allura ya ce ya ɗebi jininsa gaban kowa. Sannan ya ɗebi na Nomau. Sannan ya dube ni.

Na ce, "Ni? Ni da na binne miji na aurar da 'ya'ya?"

Ya ce, "Kai ma, Mama."

Na miƙa hannu ina zaginsa a zuci. Liman mutumin kirki ne, ya taso ya miƙa nasa, ya ce ƙuri'a ba duba ba ce, rabon gado ma akan yi ta. Aka mai da sakainu duka cikin ƙwarya, aka ce mai gari ya rufe ido ya zaro da hannunsa. Ya zaro ta gidansa. Dariyar da aka yi ita ta kashe rigimar, maƙeri ma ya dawo yana sosa ƙeya.

Saura matsala ɗaya. Ranar ba da amsa kowa na shiga bukka shi kaɗai. Mai lafiya ya fito yana tafiyarsa, mai ciwo ya sha allura a ɗuwawu ya fito yana shafawa, ga 'yan kallo zaune a inuwa suna ƙirga. Likita ya lura tun mutum na biyu. Ya kafa doka: duk wanda ya shiga, da allura ko ba allura, sai ya daɗe daidai da kowa, kuma ya fito yana shafa ɗuwawu yana ɗingishi. Ku zo ku ga dattawa da rawani suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna shafa. Wasu har sun fi masu allurar iya yi.

A ƙauyukan Tibiri muka shiga tambayoyi sosai. An ce in tambayi kowace mace da maza nawa ta taɓa haɗa shimfiɗa. Ku da kuke dariya, ku gwada tambayar matar da ba ku sani ba. Kowace ta ce mijinta kaɗai. Wata da ta yi aure har ta gaji ta ce, "Mijina kaɗai, kowane a zamaninsa." Can wajen maza kuwa abin ya zama gasa. Wani tsoho ya ƙare yatsun hannunsa da na ƙafa, ya ce Nomau ya ara masa nasa.

Da la'asar Likita ya haɗa nasa da nawa, ya cire tabarau ya ce, "Mama, maza sun ce sun kwana da mata da yawa. Mata sun ce kowace mijinta kaɗai. To da wa mazan suka kwana?"

Nomau ya ce, "Da doguwa, Likita. Arewa ce nan."

Sai aka sake tambaya. Maza aka daina tambayarsu nawa, aka koma ina ka je bara: wace kasuwa, wane gari ka ci rani, ka yi soja ko ba ka yi ba. Ba mai jin kunyar tafiya, kowa ya faɗi gaskiya har da ƙari. Mata kuma na koma tambayarsu ciki nawa, haihuwa nawa, nawa suka zo ba rai. Wannan ba wadda ta ɓoye mini, wasu ma sai na yi da gaske kafin su yi shiru. Abu ɗaya maza da mata suka haɗu a kai: ciwon ba na nan ba ne, daga ƙasar Ingilishi ake kawo shi.

Yanzu zan faɗi abin da ya shafe ni, kuma da izinin masu shi nake faɗi.

Kun san ɗiyata ta fari tana aure a Dumega. Ba ni faɗin sunanta, ku kun san shi. Mijinta mai jakuna ne, yana kai kanwa da hatsi kasuwannin ƙetare ya dawo da goro. Ciki uku ta yi, ba wanda ya yi kuka. Uwar mijinta ta fara kiranta wabi a gaban mutane, tana cewa ta zo musu da doguwa daga gidan ubanta, bana in ba a ga ɗa ba sai ta koma inda ta fito. An yi wasa, an yanka baƙar akuya, an sha rubutu. Ni kaina da kuɗina aka sayi akuyar. Amma tun ranar da na zauna da tsohuwar nan mai carbi, zuciyata ba ta bar Dumega ba.

Da muka isa aka tara sakainu, na gane ta gidansu, mai zanen ƙafar kaza. Na ja Likita bayan mota na ce, "Waccan nake so ta fito. In ƙwarya ce ta kira su ba mai jin kunya."

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Ɗiyata ce, Likita."

Ya ce, "Na sani. Amma in na sa hannu sau ɗaya, duk abin da muka yi ya koma zaɓin mai gari. Sai dai yanzu kai ne mai garin."

Na ce masa lallai mutanen bariki sun san abin da suka gani da suke ce masa mushe. Aka girgiza, aka zaro, ƙafar kaza ba ta fito ba. Na koma masauki na ƙi cin tuwo.

Ya biyo ni ya tsuguna bakin ƙofa ya ce, "Mama, ƙuri'a ta lissafi ce. Magani na kowa ne. Ɗiya ba ta zuwa gaida uwarta?"

Ta zo gaida uwarta. Ni da na tambayi matan ƙauyuka abin da ko kishiyoyin uwayensu ba su tambaya ba, na kasa duban idonta. Na ce da bango, "A miƙa hannu." Ta miƙa. Washegari Likita ya ce tana da shi. Ya yi mata allura, ya ce za ta warke, kuma in Allah ya ba da wani ciki ana sa ran ya tsaya. Sai dai in ba a yi wa mijin ba, ran da ya dawo zai mai do mata. Mijin kuwa yana ƙetare. Ba shi kaɗai ba, gidajen da ƙuri'a ta faɗa wa rabin mazansu suna can kasuwa ɗaya. Likita ya ce waɗanda ba su nan su ne ya fi bukata, in ya rubuta na zaune kaɗai ya auna masu tsaron gida ne. Muka ce sai ƙasar Ingilishi.

Motar Faransi ba ta ƙetarawa, kuma Likita ba shi da takardar yin aiki can. Muka bar Nomau da kamiyo, muka bi ayarin masu zuwa kasuwa a ƙasa. Kayan allura na sa cikin ƙwaryar fura na rufe da faifai na ɗora a kai. Ina ta zuba ido in ga iyakar nan da ake faɗi, ko ganuwa ce ko rami. Wani ya nuna mini tarin duwatsu gindin wata adua, akuya na tsaye a kai. Gonar mutum ɗaya ce ta ratsa ta, rabi na Faransi rabi na Ingilishi, kuma ya ce duka biyun tsuntsaye ɗaya ke ci.

A bakin garin wani ɗan doka mai jar hula ya tare mu ya ce ina za mu. Na ce wurin surukina. Ya nuna Likita ya ce wannan fa? Na ce ɗana ne, ƙuruciya ya yi ciwon kunne shi ya sa Hausarsa ta karkace. Likita ya ce masa, "Sannu, ke." Ɗan doka ya ce Allah ya sawwaƙe, mu wuce.

Mutanen can mu ne, har tsagen fuska ɗaya. Amma kuɗinsu da huda a tsakiya, ana zura su a igiya kamar wuri. Burodinsu laushi kamar soso, ba kamar sandar nan ta bariki da ke fasa dasashi ba. Suna zuba madara cikin shayi. Mu suna ce mana 'yan Faransi, kamar mun taɓa ganin Faransin. Masu masauki kuwa da suka ji abin da ya kawo mu, kowa ya ce ɗakinsa cike yake. A ƙarshe wata mai tuwo ta ce, "Ku je gidan Magajiya, ita ba ta korar kowa."

Magajiya ita ce shugabar matan da ke zaman kansu a garin. Ƙatuwar mace, haƙoranta ja da fure, tana zaune kan kujera kamar alƙali. Ta sa aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar da tunda na bar gida ban ci irinta ba. Na ce mata can wajenmu an ce ciwon daga nan yake zuwa. Ta yi dariya har ta yi tari.

Ta ce, "Yaya, mu nan ciwon Faransi muke ce masa. Sojojinku suka kawo shi."

Likita ya tambaye ta ko za ta bari a duba matan gidan. Ta ce, "Kullum mu ake fara zo wa. 'Yan matan nan ba da shi aka haife su ba, kuma ba ya tsirowa a tabarma. Wani ke kawowa, wani ya kwasa. In za ka duba su, ka duba masu shigowa." Ta kafa doka nan take: ranar kasuwa ba namijin da zai wuce zaure sai ya miƙa hannu. Kafin la'asar mazan Dumega da muke nema sun kawo kansu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda muka aika wa.

Ni kuwa na zagaya bayan gida in yi alwala, sai ga jaki ɗaure, mai yankakken kunne. Na san jakin nan, shi ya kai kayan ɗiyata ranar da aka kai ta. Ina tsaye sai mai shi ya fito daga wani ɗaki yana gyara hula. Muka haɗa ido. Ya yi tsalle ya faɗa bayan zana, na juya na ba shi baya.

Ku gaya mini, yaya mace za ta yi wa surukinta maganar nan, a gidan nan? Tunda ya auri ɗiyata ban taɓa ce masa abin da ya wuce "lafiya lau" ba, shi ma daga tsugune, fuska a ƙasa. Na ji yana laluben inda zai haura. In ya haura ya tafi ke nan. Sai na dafa wuyan jakin.

Na ce, "Kai jaki, ka gaya wa mai kai kada ya gudu. Ban zo tambayar abin da ya kawo shi gidan nan ba."

Motsi ya tsaya. Can sai murya ta fito daga bayan zana, ƙasa-ƙasa. "Jaki, ka gaida Inna. Ka ce mata goro na zo saye."

"Jaki, ka ce masa Allah shi sa albarka cikin goro. Ka ce masa an duba jinin matarsa, an samu tunjere. Ba doguwa ke cin 'ya'yansa ba."

"Jaki, ni lafiyata lau. Wani ɗan ƙurji ne ya taɓa fito mini, tun kafin aure, ya warke da kansa."

"Ka ce masa likita ya ce haka yake yi. Ya warke a fata ya koma cikin jini ya kwanta."

Jakin ya sa baki yana cin gefen zanena, ban hana shi ba.

"Jaki, in aka ji a Dumega fa?"

"Ka ce masa daga ni sai likita sai kai, kuma kai ba ka da baki. Amma ka tuna masa ana shirin kore ta kan abin da ba ita ta kawo ba."

Na daɗe ina jira. Sai na ji numfashinsa ya sake. Ya ce, "Jaki, na ƙarshen namiji ne. Ni na haƙa masa da hannuna. Har da gashi a kansa."

Na ji ya taso, ya zagaya ta nesa don kada ya gifta gabana, ya nufi zaure. Bayan ɗan lokaci na ji ƙara ɗaya, "Wayyo!", irin ta ƙaton da bai taɓa shan allura ba. Na yi alwalata.

Da za mu koma, na fito na tarar da jakin bakin ƙofa, an shimfiɗa masa sabon bargo, an sauke kayan goro an raba wa abokan tafiya. Ba wanda ya ce mini in hau. Na hau. Mai shi ya biyo mu a ƙasa, can baya, har Dumega, bai matso ba ban waiwaya ba. A hanya 'yan duwan na Faransi, masu binciken kaya a iyaka, suka tare mu suna neman atamfa, suka buɗe ƙwaryata suka ga allurai, Likita ya sauke musu Faransanci kamar ruwan sama, har suka sara masa. Ranar na san ashe mutumin yana da baki.

Abin da ban sa shi ba, ban kuma zata ba, shi ne wanda surukina ya yi da muka isa. Ya tara mutanen gidansu, ya tsuguna gaban uwarsa ya ce ciwon daga gare shi yake, kada a sake kiran matarsa wabi. Uwar ta ce ƙarya ne, asiri na yi masa. Ya ce to asirin a ɗuwawu aka yi shi, ga wurin in tana son gani. Shi ya sa na ce muku da izini nake faɗi, mai abin ya riga ni.

Likita ya rubuta wa manyansa abin da ya samu. Na tambaye shi, to na Faransi ne ko na Ingilishi? Ya ce ciwon ba shi da lanho a ko'ina, hanyar kasuwa da ta cin rani yake bi, ya je ya dawo, kuma yawancin matan da ke ɗauke da shi ba su taɓa wuce rijiyar garinsu ba. Ko za su aiko da allurar da yawa, wannan sai su.

Ga damina ta yi nisa yanzu. Yarinyar da kuke gani tana shara a tsakar gidana ita ce ɗiyar tawa ta Dumega, goyon ciki ta zo. Ta wuce watan da sauran suka tsaya. Ba ni cewa komai, ni ungozoma ce, na san ba a murna sai an ji kuka. Amma jiya ina tankaɗe, ta zo ta tsaya kaina. Ita da ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba, ta kama hannuna da garin da komai ta ɗora kan cikinta. Ya harbe ni, da ƙarfi, har sau biyu. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Muka tsaya haka har kaji suka gama da garin.